Masu Gidan Dutse: Tarihinmu da Dabbobin Kogo, Daga Birnin Kudu Zuwa Gala'an Nahal

Daga filinmu na tarihi na daren Alhamis. An ɗan gyara maganar don ta zauna a takarda.

 

Makon jiya wani dattijo ya aiko mana da saƙon murya daga wajen Hawata. Ya ce ya fi shekara 40 yana bi ta Gala'an Nahal, tun ana hawa jirgin ƙasa har aka koma lori, amma ya manta rabon da ya ga an sauko da zuman dutse ana sayarwa a bakin hanya. Sai ya ce, "Ɗana, ku da kuka yi karatu, ina ƙudan zuman da aka sa wa gari sunansu suka tafi?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayarka ta sa na kwana uku ina buɗe littattafai ina kuma tambayar tsofaffin gidanmu. Ga waɗanda ba su jin Larabcin Sudan, "gala'a" tudun dutse ne, "nahal" kuwa ƙudan zuma. Wato sunan garin shi ne Dutsen Zuma. To amma zuma ba ita kaɗai ke da ɗaki a dutse ba. Akwai jemage, akwai rema, akwai beguwa, akwai kura da damisa da mesa. In ana son a san inda zuma ta tafi, sai an san maƙwabtanta, an kuma san yadda zamanmu da su ya kasance tun daga ƙasar Hausa har zuwa nan gabas. Abin da za mu yi yau ke nan.

Tsibiran dutse a tekun laka

Duk wanda ya san ƙasar Gadarif ya san shimfiɗaɗɗiya ce, baƙar laka ce iyakar ganinka, wadda ke kama ƙafa da damina, ta kuma tsattsage da rani har hannu ya shige. A cikin wannan fili ne duwatsu ke tasowa ɗaya nan ɗaya can kamar tsibirai: dutsen Fau a kan hanyar Madani, duwatsun Gala'an Nahal a kudu maso yamma, tudun baƙin dutsen da garin Gadarif kansa ke kai, sannan can arewa duwatsun Taka da suka yi wa Kasala rumfa.

Kogwanninmu ba masu zurfi ba ne irin kogon Sof Umar na ƙasar Bale a Habasha, wanda tsawon hanyoyinsa ya haura kilomita 15, har kogin Web ke ratsa cikinsa. Namu tsagogi ne, da lunguna tsakanin manyan duwatsun da suka hau kan juna, da rumfunan da dutse ya yi. Amma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ɗan wannan lungun shi ne bambancin rai da mutuwa ga dabba. Akwai inuwa, akwai sanyi, akwai ɗan ruwan da ke maƙalewa a kwarmin dutse bayan damina ta wuce, akwai kuma ƙofa ɗaya tak da za a tsare.

Masana sun kasa dabbobin kogo kashi uku. Akwai masu kwana a ciki su fita kiwo waje, kamar jemage da kura. Akwai waɗanda ciki da waje duk ɗaya ne a wurinsu, kamar wasu gizo-gizo da gyare. Sannan akwai waɗanda ba su taɓa ganin rana ba tun kaka da kakanni. A ƙarƙashin hamadar tsakiyar Somaliya akwai wani kifi da ba shi da ido, ba shi da launi, ba shi da ɓawo. A ƙasar Sulobeniya ta Turai akwai wata farar halitta mai kama da ƙadangare a cikin ruwan kogo, wadda kan yi kusan shekara 100 a duniya, ta kuma iya yin shekaru ba ta ci komai ba. Mutanen da can in ambaliya ta fito da ita sai su ce jaririn dodo ne. Namu na nan yawancinsu 'yan kashin farko ne. Ku riƙe wannan, don a nan amsar Baba take: dabbar da ke kwana a dutse ta ci a daji, in an share dajin, ko ba a taɓa dutsen ba an kore ta.

Wa ya riga wani shiga?

A cikin Butana, arewa maso yamma da mu, akwai wani wuri da ake kira Shakadud. Kogo ne a ƙarshen wani kwazazzabo. A farkon shekarun 1980 masu tonon tarihi na Jami'ar Khartum tare da wata jami'a ta Amurka suka haƙa wurin, suka tarar da fasassun tukwane, da makaman dutse, da ƙasusuwan namun daji. Binciken ya nuna mutane sun zauna cikin kogon kimanin shekara 4,000 da suka wuce, a bakinsa kuwa tun kafin haka da dubban shekaru, lokacin da Butana ke da ruwa da ciyawa fiye da yau.

Can gida kuma, a Birnin Kudu ta jihar Jigawa, a shekarun 1950 aka gano zane-zanen shanu a jikin rumfunan dutse, wasunsu shanu ne marasa tozo irin waɗanda yanzu ba a kiwonsu a yankin. Kusa da zanen akwai duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa in an buga su. Ɗaya daga cikin wuraren sunansa Dutsen Habude, ɗayan kuma Dutsen Mesa. Kun ji sunan. Kamar dai Dutsen Zuma namu, mutane sun sa wa wurin sunan mai gidan da suka tarar.

Abin da ya fi ba ni mamaki a karatun nan shi ne, wasu dabbobin kogon su ne ma'ajiyar tarihi. A 1821 masu fasa dutse a Kirkdale ta Ingila suka faɗa wani kogo cike da ƙasusuwa. Wani malami, William Buckland, ya duba ya ce ai wannan tsohon ramin kuraye ne, ga ƙasusuwan giwa da karkanda da dorina duk da sawun haƙori a jiki. Don ya tabbatar, sai ya ba wata kura da ake yawon nuni da ita ƙashin sa, ta tauna, ya gwada da na kogon, suka zo ɗaya. Da haka Turawa suka san cewa an yi zamanin da kura da dorina ke yawo a Ingila.

Kusa da mu ma akwai irin wannan. A arewacin Madina, wajen Khaibar, akwai kogon Ummu Jirsan, wanda narkakken dutsen aman wuta ya bari. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna tarin ƙasusuwan da ke ciki, na jakuna da raƙuma da awaki da barewa har da na mutane, sayaki ne ya yi ta jan su ciki, tsawon kimanin shekara 7,000. Sayaki shi ne kura mai zane-zane a jiki, wadda ta fi kurar da muka saba da ita son kogo da tara ƙashi. Wato abin da malamin tarihi ke nema da fitila, kura ta riga ta jera masa.

Hanyar gabas

Mu Musulmi ba baƙin labarin kogo ba ne. Duk Juma'a ana karanta Suratul Kahfi, labarin samarin da suka gudu da imaninsu suka yi barcin shekara 309, karensu na kwance a bakin ƙofa. A shekarar hijira, 622, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kwana 3 a kogon Saur tare da Sayyidina Abubakar. Littattafan sira sun kawo labarin gizo-gizon da ya yi saƙa a bakin kogon da tattabarun da suka yi sheƙa, ko da yake malaman hadisi sun yi saɓani a kan ƙarfin ruwayar. Abin lura dai shi ne, masu bin sawu sun karanta bakin kogo kamar yadda ake karanta wasiƙa: saƙar da ba a keta ba tana nufin ba wanda ya shiga.

Kakanninmu da suka biyo hanyar gabas da ƙafa sun san wannan karatun. Tun ƙarni na 18 mutanen yamma masu zuwa hajji da masu dawowa, waɗanda ake kira Takari, suka kafa zama a Gallabat. Bature ɗan Ingila Samuel Baker, wanda ya yi daminar 1861 a Sofi a bakin Atbara, ya isa Gallabat a 1862, ya tarar da su suna noman auduga, kasuwarsu kuma cike da auduga da gahawa da fatu da kakin zuma. A littafin da ya fitar a 1867 ya ba da labarin garkunan gwaggon biri a gaɓar Sitit, da giwaye, da maharban Hamran masu farautar giwa da takobi a kan doki. Ku duba wannan ƙasa da muke ciki, haka take shekara 160 da 'yan kai da suka wuce.

Babban kwararowar mutanenmu ta zo bayan yaƙin Burmi, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ranar 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da jama'a har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, aka kafa garin Mai Wurno wajen 1906. Bayansu ayari ya yi ta biyo ayari, wasu su shekara a hanya, wasu shekara 5, ana noma ana gaba. Da jirgin ƙasa ya iso Gadarif a 1928, aka haɗa shi da Sinnar a 1929 ta Gala'an Nahal da Hawata, sai ƙauyukanmu suka ƙara yawa a bakin Rahad.

Kakata, Allah ya jiƙanta, a bayan uwarta ta shigo ƙasar nan, amma ta haddace abin da manya suka gaya mata na hanya. Takan ce in dare ko hadari ya kama ayari kusa da dutse, ba a shiga lungu sai an aika mutum biyu sun dubo abu huɗu: ƙasa, bango, wari, da ƙara. Ina yaro na ɗauka tatsuniya ce. Da na girma na karanta, sai na ga kowanne da dabbarsa.

Ƙasa, bango, wari, ƙara

A ƙasa ana duba sawu da ƙashi. In ka ga farin kashi kamar alli, na kura ne, don tana narkar da ƙashi a cikinta. In ƙasusuwa ne a farfashe, kura ce. Bahaushe ya ce ramin kura sai 'ya'yanta. In kuwa ƙashin a gwaigwaye yake da layi-layi kamar an kankare shi da wuƙa, ga kuma kibiya baƙa da fari a yashe, to beguwa ce. Beguwa saiwa da ɓawon itace take ci, amma tana jan busasshen ƙashi zuwa raminta tana gwaigwaya, don ta wasa haƙoranta da ba su daina tsiro, ta kuma samu sinadarin da jikinta ke buƙata. Af, kuma ba ta harba kibiya daga nesa yadda ake faɗa. Da baya take rugowa ta soki abokin faɗa, kibiyar ta cire ta maƙale a jikinsa. Ko zaki yakan mutu da irin wannan rauni in ya ruɓe. In ka ga santsin ja a ƙura kamar an ja buhu, mesa ce. In kuwa sawun kyanwa ne babba ba alamar farce, a bar wurin ba sallama. Damisa ƙi sabo.

A bango ana duba farin zane da ya gangaro kamar an zuba farar ƙasa. Wannan fitsarin rema ne. Rema tana da tsabta irin tata, wuri ɗaya duk dangi ke zagayawa shekara da shekaru, har abin ya daskare ya zama kamar dutse. A kudancin Afirka masana na yanka irin wannan daskararren tari suna karanta yadda ruwan sama da tsirrai suka sauya cikin dubban shekaru. Ga ta kamar gafiya marar wutsiya, amma a binciken masana danginta na kusa a doron ƙasa giwa ce. Tana da 'yan haure biyu ƙanana, cikinta kuma yakan kai wata 7 zuwa 8, abin da ba a saba gani ba ga dabba mai wannan girman. Da safe sukan fito shan hantsi a kan dutse, ɗaya na gadi. Kakata takan ce inda rema ke shan hantsi hankali kwance, babu damisa kusa a ranar.

Wari na jemage ne, wari mai hawa kai kamar na tsohon fitsari. Jemage ya sha baƙin jini a wurinmu: ba shi cikin tsuntsaye, ba shi cikin dabbobin ƙasa, yana barci kai a ƙasa. Amma dabba ce mai shayarwa, tana haihuwa, yawanci ɗa ɗaya a shekara, kuma irinsa ya haura 1,400 a duniya. A 1793 wani malamin Italiya, Spallanzani, ya gano cewa jemage ko ba ido yana tashi bai yi karo ba. Wani likita a Janeba kuma ya toshe musu kunne da kaki, sai ga su suna faɗuwa. An yi kusan shekara 150 ba a gane sirrin ba, sai da Donald Griffin na Amurka ya nuna da na'ura cewa jemage na fitar da ƙara siririya da kunnenmu ba ya ji, ta bugi abu ta dawo masa, da ita yake gane hanya da abinci. A 1944 ya sa wa abin suna. Ƙananan jemagun da ke fitowa daga tsagar dutse da magariba ƙwari suke ci, har da malam-buɗe-littafin dare waɗanda tsutsarsu ke huda karan dawa. Manomi na barci, su suna masa aiki, ba ya biyan ko fam ɗaya.

Ƙara kuwa ta zuma ce. Kafin ɗan Adam ya saƙa amya ya rataya a bishiya, a kogon itace da tsagar dutse zuma ke gini. Suratun Nahli, sura ta 16, da ta zo lissafa gidajen zuma da duwatsu ta fara, sannan itatuwa, sannan abin da mutane ke ginawa. A wani kogo a Sifaniya akwai zanen da ya kai kimanin shekara 8,000 na mutum a kan igiya yana ɗiban zuma a jikin dutse, ƙudan na kewaye da shi. Ayarin da ya ji wannan ƙara a bakin lungu yakan yi murna ya kuma yi hattara, ba a hura wuta a ƙarƙashinta, ba a ɗaure jaki kusa. Zuma da zaƙi da harbi.

A ƙasar Hausa akwai waɗanda shiga gidan dabba ya zama sana'arsu. Gardawa masu wasa da kura a raminta suke kamo ta, su sa mata takunkumi su zaga kasuwanni, har aka samu karin maganar kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Kwatarkwashi ta Zamfara an san bikin kamun maiki, inda samari kan hau dutse su kamo shi a inda yake sheƙa. Labarin kafuwar sarautar Daura ma a kan macijin da ya tare rijiyar Kusugu aka gina shi. Ko'ina ka duba, ramin da ke da mai shi abin girmamawa ne da tsoro a wurin mutanen da.

Shekarar da tarakta ta zo

To Baba, yanzu ga amsarka. Wajen 1945 gwamnatin Turawa ta fara noman inji a Gadambaliya, yamma da Gadarif, don samar da dawa. A 1968 aka kafa hukumar noman inji ta ƙasa, aka yi ta yanka daji ana rabawa, mashru'i bayan mashru'i, kowanne feddan 1,000 ko fiye. Wannan noma shi ya mai da Gadarif rumbun Sudan, shi ya kawo kasuwar dawa da riɗi da duniya ta sani, kuma da yawanmu da kuɗin yankan riɗi aka yi mana karatu. Ba wanda zai raina shi a wannan fili.

Amma kowane feddan da aka share, da akwai abin da ke kai. Akwai dushe, wanda ake kira talha a nan, akwai dakwara mai ƙaro, akwai aduwa, akwai kurna. Furen waɗannan itatuwa shi ne abincin zuma, musamman da rani lokacin da ba wani fure. Zuma ba ta wuce 'yan kilomitoci daga gidanta wajen neman abinci. In aka share kewayen dutse aka shuka dawa zalla, an bar mata ɗaki an ɗauke mata tukunya. Riɗi na fure, gaskiya ne, amma na 'yan makonni ne, kuma lokacin ne ake feshin magani. Ga masu gawayi sun bi sauran itatuwan. Ga masu ɗiban zuma na zamani da ba su gaji sana'ar ba, maimakon hayaƙi sai su cinna wuta ko su fesa maganin ƙwari, su kwashe saƙar duka har da 'ya'ya. Ga masu fasa dutse don gini da kwalta.

Doka ta ce mai gonar damina ta inji ya bar kashi 10 cikin 100 na filinsa da itatuwa. Duk wanda ya bi hanyar mashru'ai ya ga yadda ake bin wannan doka da idonsa. Manyan namun dajin da Baker ya gani sun ja baya zuwa gandun Dindir, wanda aka keɓe tun 1935, da kan iyakar Habasha. Na dutse kuwa ba su da inda za su. Rema ba ta iya ƙetare kilomita 30 na fili ba mafaka. Tsibirinta in ya lalace, shi ke nan.

Inda hatsarin yake

Kada wani ya ji wannan ya ce na mai da kogo aljanna. A dutsen Elgon na Kenya akwai kogon Kitum, inda giwaye ke shiga cikin dare cikin duhu suna kankarar bango da haurensu don cin gishiri. A 1980 wani Bafaranshe, a 1987 kuma wani yaro ɗan Denmak mai shekara 15, sun shiga kogon, suka fito da cutar Marburg, duka biyu suka mutu. Cutar ta samo sunanta daga wani gari a Jamus inda ta fara bayyana a 1967. Daga baya aka tabbatar tana zaune a jikin wani babban jemage mai cin 'ya'yan itace wanda ke kwana dubbai a kogo da tsofaffin ramukan ma'adinai. A 1976 kuma, cutar Ebola ta ɓarke a Nzara da ke Sudan ta Kudu a yau, ta bazu zuwa wasu garuruwan yankin, ta kama mutum 284 ta kashe 151; ta fara ne daga ma'aikatan masana'antar auduga wadda jemagu suka cika rufinta, abin da ya sa aka fara zarginsu. A kogon Ogbunike na jihar Anambra a Nijeriya an samu wata irin fumfuna a ƙasar da ta gauraya da kashin jemage, wadda ke sa cuta in an shaƙi ƙurarta.

Mai sauraro zai ce to a kashe su mana a huta. An gwada. A mahaƙar Kitaka ta Yuganda, bayan Marburg ta kama masu haƙa a 2007, an toshe ramin aka hallaka jemagun dubbai. Bayan 'yan shekaru wasu suka dawo suka cika wurin, da aka auna su sai aka ga masu ɗauke da cutar a cikinsu sun fi na da yawa, a 2012 kuma cutar ta ɓarke a garin Ibanda da ke kusa. Samarinmu masu zuwa haƙar zinariya, ku ji wannan da kyau: tsohon ramin da jemage ya riga ya kama, a bar masa. Kada a kwana ciki, kada a share kashinsa a bushe ba a rufe hanci ba, kada a ci 'ya'yan itacen da ya gatsa.

Mu a Gadarif, kogon da ya fi cin rayukanmu ma ƙarami ne, ba ya ɗaukar ko ɗan yatsa uku: tsagar baƙar laka. Ɗan ƙwaron da ke kawo kala'azar, wanda bai kai rabin sauro ba, yana da alaƙa da wannan ƙasa mai tsagewa da dajin dushe da aduwa, kuma ya fi yawa a ƙarshen rani, daga Maris zuwa Yuni. Ƙauyukan bakin Rahad da Atbara sun san zazzaɓin da ba ya jin maganin maleriya, da kumburin saifa, da ramewa. Yana da magani a asibiti, in an je da wuri. A tsaunukan Habasha kuma akwai ɗan'uwan wannan ciwo mai cin fata, wanda ƙwaronsa ke zama a lungunan rema. Gidan sauro mai ƙananan ido, da nisantar kwana a ƙasa a gindin itatuwan nan da rani, sun fi kowace laya.

Ranar da mutum ya koma baƙo

Na so in rufe da zuma, amma zamanin da muke ciki bai bari ba. Daga 2011, da yaƙi ya dawo duwatsun Nuba, dubban iyalai sun koma zama cikin kogwanni don tsoron jiragen sama, suna raba ɗaki da macizai da kunamu. Daga 15 ga Afrilu, 2023 kuma, kowa ya ga abin da ya faru. Gadarif ta karɓi mutanen Khartum, ta karɓi na Madani a ƙarshen shekarar, ta karɓi na Sinja da Dindir a daminar 2024, da yawa da ƙafa suka ratso daji, kamar yadda kakanninmu suka shigo shekara 120 da suka wuce. Wasu da muka zanta da su a wannan tasha sun ce a gindin duwatsu suka yi ta kwana. Wata baiwar Allah ta ce mini ba abin da ya fi ba ta tsoro kamar rashin sanin abin da ke cikin lungun da ta kwantar da 'ya'yanta.

Shi ya sa nake ganin karatun kakata bai tsufa ba. A duba ƙasa, a duba bango, a shaƙi wari, a saurari ƙara. A tsaya a bakin kogo inda iska ke shiga, kada a kutsa can ciki. A kakkaɓe takalmi da safe. Kada a tura hannu inda ido bai gani ba. In an tashi tafiya kuma, a bar wurin yadda aka same shi, don baƙo raɓa ne, masu gida na nan.

Baba na Hawata, ƙudan zumanka ba su yi hijira zuwa wata ƙasa ba. Raguwa suka yi da raguwar furen da ke ciyar da su. Zuma kuwa ba ta da fushi mai tsawo, inda aka bar mata kurna da dushe da ɗan ruwa takan dawo da kanta. In masu mashru'an da ke kewaye da duwatsu suka bar kashi goman nan da doka ta ce a gindin dutse, in masu ɗiba suka koma hayaƙi suka bar mata rabin saƙarta, ina sa ran jikokinka za su sayi zuman dutse a bakin hanya.

Wanda duk ya san wani dutse ko kogo mai sunan dabba a yankinsu, ko a nan ko a Nijar ko a Nijeriya ko a Habasha, ya aiko mana da sunan da labarin da tsofaffi ke bayarwa a kansa, za mu karanta a fili na gaba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa. Sai Alhamis mai zuwa in Allah ya kai mu.